Hoton Malam Muttaka Guda Ɗaya

Ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, 2025, ina tsakiyar ɗaukar hoton walima a wani gida a GRA, wayata ta yi ta ruri a cikin jaka. Ban duba ba sai da aka tashi sallar la'asar. Sagiru ne, abokin sana'armu, kuma bai tsaya doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ce, "Fiddausi, Malam Muttaka ya rasu ɗazu." Na nemi bakin dakali na zauna ina ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kyamara tana rataye a wuyana, gilashin da ke jikinta kuwa shi ne wanda ka sha wahala a kansa bara, Malam. Kafin magariba an yi maka sutura an kai ka makwancinka, bayan gajeriyar jinyar da yawancinmu ba mu ma ji labarinta ba.

Wanda bai san Malam Muttaka ba, to bai taɓa riƙe kyamara a birnin Katsina ba. Shagonka ɗan ƙarami ne a Ƙofar Kaura, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Da gyaran agogo ka fara tun kana saurayi, daga nan hannunka ya faɗa kan kyamara tun zamanin da ake wanke fim, har aka zo zamanin katin memori kana nan a kan kujerarka. Ba ka sayar da kyamara, ba ka ɗaukar hoto. Gyara kawai ka sani, kuma ka san shi.

Washegari na je gidanka yin ta'aziyya. Na iske maiɗakinka, Hajiya Rakiya, a zaune cikin mata, carbi a hannu. Bayan an yi addu'a an shafa, wata mace mai tsohon ciki ta matso kusa da ni. 'Yarka ce Sadiya, wadda ke aure a Funtuwa. Ta ce, "Ke ce Fiddausi mai hoto ko? Don Allah, cikinku babu wanda ke da hoton Baba?" Ta nuna mini katin shaidarka, da ɗan hoton nan da ya koɗe, ka haɗe rai kamar an yi maka dole. Ta ce, "Wannan ba Babana ba ne. Abin da ke cikina bai gan shi ba, ina so in ya yi wayo in nuna mashi kakanshi yadda yake." Ashe a waje ma yayanta Mubarak ya bi masu hoto ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya. Maza sun fi ashirin a kan tabarma, kowa da waya cike da hotuna, kowa ya ci arzikinka, amma aka rasa mai hotonka ko guda.

Abin kunya ne a gare mu, amma ba abin mamaki ba ne. Ba ka taɓa yarda ka tsaya gaban kyamara ba. Ba wai kana ganin haramun ne ba, da ba ka ƙare rayuwarka a cikin harkar ba. Kawai ka ce kai mutumin baya ne. Ko a bikin 'ya'yanka, in an jeru za a ɗauka, sai a gan ka a bayan mai hoton kana leƙa masa kyamara kana cewa gilashinsa na bukatar sharewa. In ka gama gyara kuwa, abin gwajinka ɗaya ne, allon Mati mai facin taya da ke tsallaken titi. Sai ka miƙa wa mai kaya kyamararsa ka ce ya ɗauki allon. In rubutun ya fito tar har ana ganin inda fenti ya zubo, aiki ya yi. Shi ya sa babu mai hoto a garin nan da ba shi da allon Mati a ajiye. Mati ya fi kowace amarya shan hoto a Katsina, kuma har yau bai san dalili ba.

Da Sadiya ta yi mini tambayar, na tuna wani abu. Amma ban faɗa mata ba. Mu masu hoto muna share kati bayan kowane biki, kuma ban so in ɗaga wa mai juna biyu rai da abin da ban tabbata yana nan ba. Na ce mata zan duba. Kafin in faɗi abin da na tarar, dole in faɗi yadda aka yi, don a san irin mutumin da muka rasa.

Ni hoton mata nake ɗauka. Kamu, sa lalle, buɗar kai, walimar cikin gida, duk inda ba a son namiji ya leƙa, ni ake kira. Bara bayan ƙaramar salla na sayi sabon gilashin kyamara daga wani dila a Legas, irin mai ɗan inji a ciki da ke nemo idon mutum da kansa ya saita hoto a kai. Shi ne jarina, shi ne alfaharina. Bai daɗe a hannuna ba ya fara gardama. In na ɗauki abu daga nesa lafiya lau, amma da na matso kusa da fuska sai ya yi ta kai da komo yana ƙara, hoton ya fito dishi-dishi. Ranar da ya kunyata ni a wani kamu a Ƙofar Guga, amarya ta yi kwalliyar da ta ci yini guda amma fuskarta ta fito kamar an shafa wa hoton man shanu, ban ko koma gida ba, na hau ɗan acaɓa sai shagonka.

Ka karɓa, ka kara shi a kunne, ka juya shi kana saurare. Ka ce ɗan injin ne ya samu matsala. Na ce alhamdu lillahi, a buɗe a gyara, jibi ina da biki. Sai ka tambaye ni yaushe na saya. Da na faɗa, ka ajiye sukudireban da ka riga ka ɗauka. Ka nuna mini wani ɗan tambari da aka manna a kan noti ɗaya, ka ce, "Ɗiyata, kin ga wannan? In na taɓa shi, garantinki ya tashi. Ni iya buɗewa, amma ba ni da injin da zan sa. Kamfani su ke da shi, kuma hakkinki ne su gyara maki. Ba ni buɗewa."

Kowa ya san ni da gajen haƙuri, kuma ranar ban ɓoye shi ba. Na ce garanti zan ci ne? Na ce ni da na zo wurin mai gyara, an ce in koma wurin mutanen da ban taɓa gani ba. Na ce akwai masu buɗewa a Kano ba tare da wa'azi ba. Ka bar ni na gama kana murmushi, sannan ka ce, "Akwai su. Za su buɗe, su ga abin da na gani, su rufe. Ki dawo ba gyara ba garanti." Ka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ka ciro wani gilashi da ya girme ni, jikinsa duk ya goge. Ka ɗaura masa wani zobe don ya zauna a kyamarata, ka ce in tafi da shi har nawa ya dawo. Na tambayi abin da zan bayar, ka ce in bar ɓata maka lokaci.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Akwatin nan na aro ne. Duk wanda gilashinsa ya tafi gyaran garanti, daga ciki kake ba shi na riƙon ƙwarya, don kada sana'arsa ta tsaya. Wasu ka saye su ne matattu ka tayar, wasu ka haɗa biyu suka zama ɗaya. Sagiru ya ce shi da naka ya yi shekara guda cur yana ciyar da iyalinsa, ba ka taɓa tambayarsa yaushe zai dawo da shi ba.

Tsohon gilashin nan ba shi da inji, da hannu ake murza shi. A bikin farko na kusa yin kuka. Kafin in saita, an gama abin da ake yi. Na dawo maka a fusace na ce wannan ai na mutanen da ne. Ka ce to ai mutanen da ma sun yi aure. Ka sa ni tsayuwa a ƙofar shago ina bin 'yan acaɓa da kyamara, kana daga zaune kana cewa, "Kada ki bi shi. Ki saita inda zai zo, ki jira shi." Haka na yi ta zarya har hannuna ya faɗa. Na koyi sanin inda amarya za ta ɗago kai kafin ta ɗago, da inda uwarta za ta share hawaye. Hotunan da na ɗauka a daminar nan da gilashinka, har yau su nake nuna wa sababbin masu biki.

Shi kuwa nawa gilashin, kai ka ɗauki nauyin tura shi, alhali ba a wurinka na saya ba kuma babu abin da za ka samu. Ka sa na kawo hotunan da suka lalace don su zama shaida. Ka naɗe shi da soso da hannunka, ka ba wani direba da ka yarda da shi. Ka tsaya sai da dilan ya amsa cewa ranar da muka kai ƙara ita ce abin lissafi, don kada garantin ya ƙare kayan suna hannunsu su ce lokaci ya wuce. Ni duk ban san ana yin haka ba.

Daga nan aka shiga jira. Da farko suka ce mako biyu. Mako biyu suka wuce, suka ce babu injin a ƙasar nan, sai an yi odarsa daga waje. Babbar salla ta zo ta wuce, suka ce kaya na kan ruwa. Ruwan sama ya kankama, gero ya yi kai, suka ce kaya sun iso. Na yi murna har na yi sadaka, sai ga labari wai injin da aka turo na wani samfuri ne, ba ya shiga nawa, an sake sabuwar oda. Ranar na ce a dawo mini da abina haka nan, na gaji, in ya so in jefa shi a rijiya in huta. Ka ce rijiyar ma ba za ta gode mini ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne wayar da kake yi musu kowane mako. Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Sai ka gyara zama, ka kira dilan, ka fara gaisuwa irin ta Katsinawa da ɗan Turancinka da Hausa a gauraye. Ka tambayi lafiyarsa, da ta iyali, da gajiya, da kasuwa, da ruwan Ikko, wato Legas, ka koma kan iyali, ka sake tambayar gajiya. Sai bawan Allahn nan ya galabaita sannan ka ce, "To, ina labarin gilashin ɗiyar nan?" Na ce Malam, mutanen nan faɗa suke ji, ba gaisuwa ba. Ka ce, "Mai faɗa ana kashe mashi waya. Mai gaisuwa kunyarshi ake ji." Ƙarshe dai dilan da kansa ya koma kiranka yana ba ka labari kafin ka kira shi, ina jin don ya tsira daga gaisuwar.

Sai bayan an yi girbi gilashin ya dawo, kusan rabin shekara da tafiyarsa. Ka aiko a kira ni. Na zo da hantsi na iske shi a kan teburinka, ba ka ko buɗe kwalin ba, ka ce mai kaya ita ke buɗe kayanta. Na ɗaura shi na juya wajen allon Mati, ya fito tar. Na ce shi ke nan. Ka ce a'a, ai dama allo bai taɓa gagarar sa ba, ciwonsa a kusa yake, a kan idon mutum. Sai an gwada shi a fuska. Muka duba tsallake, Mati ya tafi ƙauyensu ɗaurin aure, rumfarsa a rufe. Na ce to ka ɗauke ni, ka ce a hannuna ya yi gardama, a hannuna za a gwada shi. Ka leƙa hagu ka leƙa dama, babu wanda ka sani da za ka tsayar. Na ga ka yi ajiyar zuciya, ka gyara hula, ka koma kan kujerarka. Ka ce, "To, ɗauki. Gwaji ne hwa, ba hoto ba."

Na ɗauka. Ka karɓi kyamarar, ka jawo hoton har idonka ya cika fuskar kyamarar, ba ka ko kalli sauran jikinka ba. Ka ce ya kama, gashin ido ma ana ƙirgawa. Sannan ka ce, "Goge shi."

Nan ne Allah ya ba ni sa'arka. Kana da wata doka da ka ɗora wa kowa, cewa hoton gwaji na farko bayan gyaran garanti ba a goge shi. A bar shi a katinsa, a sa a kwalin gilashin, don in ciwon ya dawo a nuna wa kamfani yadda yake ranar da suka maido shi. Ka sha yi wa Sagiru faɗa a kan haka a gabana. Na ce, "Malam, dokar wa zan karya, taka ko taka?" Sai dariya ta ƙwace maka, irin wadda ban taɓa ji daga gare ka ba, har kana dafa tebur. Kyamara tana hannuna, hannun da ka koya wa jira. Ban yi shawara da kowa ba na danna.

Da ka nutsu ka ce, "Kin kama ni. To, ki aje. Amma kada ki rataye ni a shago, mutane su zo suna kallona kamar kalanda." Na yi maka alkawari. Ka ciro wani ƙaramin tsohon kati daga aljihun tebur, ka sa aka mayar da hotunan biyu a kansa, ka jefa a kwalin da hannunka. Na mayar maka da gilashin aro, ka share shi ka sa a akwati, ka ce akwai mai zuwa ɗauka da yamma.

Wannan shi ne abin da na tuna a gaban Sadiya. Daga gidanka na wuce gida kai-tsaye, ina tafe ina fargaba, domin na yi ƙaura daga tsohon shagona a farkon shekara, na zubar da kwalaye da yawa. Na birkice ɗaki kaf. A saman durowa na sami kwalin, a bayan buhun tsofaffin labule. Katin yana ciki inda ka jefa shi. Da hoton ya buɗe a kwamfuta na ga hularka ta ɗan karkace, hannunka ɗaya a kan tebur kusa da sukudireba, idanunka sun ƙanƙance don dariya, sai a lokacin na yi kukan da ban yi ba tun ranar Laraba.

Na wanke shi babba guda uku, na kai gidanka ranar addu'ar bakwai. Ban sa a waya ba, ban tura wa kowa ba. Hajiya Rakiya na fara miƙa wa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan dariyar a cikin gida kaɗai yake yin ta. Ya aka yi kika samo ta?" Na ba su labari, ɗakin makoki ya kaure da dariya da kuka a haɗe. Mubarak ya shigo ya karɓi nasa ya fita da sauri, bai yarda mun ga fuskarsa ba. Sadiya kuwa ta riƙe nata da hannu biyu ta ce, "Wannan shi ne Baba." Ta tashi ta sa shi a ƙasan akwatin kayan jaririnta.

Malam, na yi ta tsine wa jinkirin nan wata da watanni. Yau na san da gilashin ya dawo a mako biyun da suka ce, da Mati yana rumfarsa, da shi za ka sa in ɗauka. Da ka biye mini ka buɗe shi ranar farko, da babu garanti, babu gwaji, babu hoto. Ban san hikimar Allah a cikin al'amura ba, amma wannan kam na gani da idona. Na gode maka da ka ƙi ni ranar da nake son a biye mini. Na gode da gilashin aro, da tsayuwar ƙofar shago, da katin wayar da ka ƙona a kan kayan da ba naka ba. Sana'ar da nake ciyar da 'ya'yana da ita, da ta mutu a daminar bara ba don kai ba.

Mubarak ya shaida mana cewa iyali sun yanke ba za a sayar da akwatin aro ba. Zai zauna a hannun Sagiru, duk wanda gilashinsa ya tafi gyara ya zo ya ɗauka kamar da. Muna roƙon Allah ya sa ya zame maka sadaka mai gudana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rakiya, Allah ya ba ta haƙuri da juriyar takaba. Ina miƙa ta ga Mubarak da Sadiya da sauran 'ya'ya da dangi, da maƙwabtanka na Ƙofar Kaura, da Mati da ya ce tun ranar bai iya kallon tsallaken titi ba, da dukkan masu ɗaukar hoto na Katsina da suka zama marayu. Allah ya sauki Sadiya lafiya, ya raya abin da za ta haifa a kan halin kakansa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Muttaka, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa bayinka asiri a lokacin jira, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Gilashin yana aiki lafiya, Malam, bai sake gardama ba. Kuma na cika alkawari, ban rataye ka a shago ba. Gida na kai ka.